Littafin da Aka Ce Bature Ya Ɗauke

Akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidan nan, har wasunku sun fara gaya wa nasu 'ya'yan, wai littafin kakanmu Malam Yunusa wani Bature ne ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasarsu. Kwanan baya ma na ji ɗaya daga cikinku yana cewa in Allah ya kai shi can zai bi ɗakunan ajiyarsu ya nemo mana kayanmu. Kada ya wahalar da kansa. Littafin bai taɓa wuce dutsen bayan garinmu ba. A tarihin rayuwata da nake rubuta muku, na daɗe ina tsallake wannan babi, na rubuta na gabansa na rubuta na bayansa. To yanzu hannu ya fara rawa, in ban rubuta shi bana ba, ban san ko zan ga baɗi ba.

Garinmu kun san shi, ko da yake sai da salla kuke leƙa shi. Ƙauye ne a ƙasar Roni, a gindin duwatsu, gero da dawa da gyaɗa, da rugagen Fulani kewaye da mu. A shekarar da nake ba ku labari Turawa na nan da mulkinsu, amma an fara jin ƙishin-ƙishin ɗin mulkin kai. Ni kuwa na gama elementare a Kazaure, ban sami wucewa gaba ba, na dawo gida da farar riga ɗaya da iya karanta boko ba tuntuɓe. A wancan zamani wannan kaɗai ya ishi saurayi ya riƙa tafiya yana kallon sama. Da aka ce za a buɗe ɗakin karatu a garinmu ana neman mai riƙe shi, ba a yi dogon bincike ba, don mu masu boko a garin ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Dagaci ya kira ni ya danƙa mini mabuɗi, na samo zare na rataya shi a wuya ta yadda kowa zai gani.

Kada ku ɗauka irin ɗakunan karatun birni ne da kuka sani. Soro ɗaya ne na ƙasa, an gina shi da aikin gayya kusa da kasuwa, rufin azara, ƙofar katako, da 'yar taga guda a bangon baya. Kayan cikinsa benci biyu ne, da baƙin allo, da akwatin ƙarfe na littattafai wanda ake kawowa daga Kazaure a kan jaki, in an yi 'yan watanni a mayar a kawo wani. Sai kuma abin da ya fi tafiya da hankalina, kabad na katako mai koren fenti, an jingina shi da bangon baya. Kullum da safe sai na goge shi da tsumma, ko da ba abin gogewa. An kuma ba ni takardar dokoki na manna a ƙofa. Ta ƙarshe a cikinsu ta ce mabuɗi ba ya barin hannun malamin ɗakin karatu, kuma ba mai taɓa kwaɗon ƙofa sai shi. Wannan doka na haddace ta fiye da yadda na haddace wasu surori, Allah ya yafe mini.

Da farko mutane leƙe kawai suke yi su wuce. Littattafan ba su dame su ba, tunda ba mai iya karanta su. Jarida ce ta jawo su. Takan iso mana bayan ta kwana goma ko fiye, amma a wurinmu sabuwa ce fil. Bayan la'asar sai in zauna a ciki in karanta da ƙarfi, waɗanda suka sami benci su zauna, saura su shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofa. Labarin majalisa, farashin gyaɗa, cutar shanun da ta ɓulla a wani wuri, wasiƙun masu kukan hanya da rijiya. In na gama sai gardama ta kaure har a kira magariba. Sannu a hankali ɗakin ya zama inda ake kawo duk wani abu mai rubutu. Wanda ɗansa ya tafi cin rani ya aiko da wasiƙa, nan zai kawo ta. Wanda aka ba takardar asibiti bai san me ta ce ba, nan. Daga baya aka buɗe ajin manya da hantsi, magidanta takwas a kan benci suna fama da baƙaƙe, gemu na taɓa takarda. Wanda ya fi kowa naci a cikinsu shi ne Tanimu baduku, mutum ne da ya ba hamsin baya, ɗansa guda ɗaya kuma yana can Kudu yana aikin jirgin ƙasa. Hannun da ya saba da ɗinkin fata ya ƙi sabawa da fensir, sai ya karya biyu a mako.

“Malam ƙarami,” yakan ce mini, “ni fa ba jarida ta dame ni ba. So nake in karanta wasiƙar yaron nan ni kaɗai, ba wanda ya ji. Akwai maganar da ɗa ba zai rubuta wa ubansa ba in ya san ta bakin wani za ta bi.”

Akwai kuma masu sauraron da ba a ganinsu. Bangon bayan ɗakin shi ne katangar gidan Gwaggo Dije, yayar mahaifina, kuma 'yar tagar nan tsakar gidanta take kallo. Mijinta ya daɗe da rasuwa, bakinta kuwa bai taɓa gajiya ba. Da la'asar matan unguwa sukan taru a wurinta da abin kaɗinsu su zauna a gindin tagar. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta kirana da komai sai Babana. Shi ma Baba bai taɓa faɗin sunana ba, sai dai ya ce Mai Sunan Malam. In na gaji na sassauta murya, sai a ji ta ta tagar:

“Babana, ɗaga murya! Mu na bayan katanga ba mutane ba ne?”

Maza su kwashe da dariya, ni kuma in ɗaga.

Yanzu bari in gaya muku yadda littafin kakanmu yake, tunda ba wanda ya gan shi a cikinku. Ba littafi ne mai ɗinki ba. Takardu ne falle-falle masu kauri, sun yi ja saboda tsufa, a ɗaure tsakanin fatu biyu masu tauri, a cikin gafaka, wato jakar fata ta malamai. Malam Yunusa ya yi rabin rayuwarsa yana rubuta shi, wani wuri da Larabci, mafi yawa da ajami. A ciki ya rubuta asalin kowane gida a garin, wa ya zo daga ina, wa ya auri wa. Ya rubuta shekarun yunwa da abin da mutane suka ci suka rayu, da inda aka taɓa haƙa rijiya aka sami ruwa da inda aka sha wahalar banza, da magungunan shanu da ya koya a wurin Fulani. Shi kaɗai ne tak a duniya, ba a taɓa kwafarsa ba. Baba ne ya gaje shi, kuma yana da ƙa'ida a kansa da ba ya sassautawa: gafakar ba ta taɓa ƙasa, ba ta jingina da bango. A zaurensa take rataye da igiya daga azara, tana lilo a tsakiyar iska, an huda sakaina an kifa a kan igiyar saboda ɓera. Duk Juma'a sai ya sauko da ita ya kakkaɓe, ya buɗe takardun su sha iska. Ni da bokona na ɗauki wannan duk girmamawa ce irin ta tsofaffi, don akwai sunan Allah a ciki. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. A lokacin ban ga abin da Baba zai koya mini a kan ajiye littafi ba, ni da nake da kabad.

Abin da ke ci mini rai shi ne dattawan gari ba sa zuwa ɗakin karatu, suna cewa wurin 'yan boko ne. A lokacin idon Baba ya fara rauni, ba ya iya karanta rubutun da kansa sai da ƙyar, ni kuma na iya ajami tun ina ƙarami. Sai na roƙe shi ya bari duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci in riƙa karanta wa jama'a wani abu daga littafin. Ya yi kwana biyu yana juya maganar, sannan ya yarda. Da kansa yake rungumo gafakar ya kawo, ya zauna a kan buzunsa har in gama, ya rungume ta ya koma. Juma'ar farko na karanta asalin gidajen unguwar marina. Wani tsoho da bai taɓa taka ƙofar ɗakin ba ya ji sunan mahaifiyarsa, da garin da aka auro ta, da shekarar da ta zo, ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Ta bayan tagar kuwa ranar ko tari ban ji ba. Juma'a ta biyu ɗaki ya cika har mutane na tsaye a rana. A karon farko na ga dattawa da 'yan ajin manya a kan tabarma ɗaya, kuma in gaya muku gaskiya, na ɗauka duk don ni suka zo.

A ƙarshen rani wani Baturen ilmi ya zo duba ɗakin. Ya ga benci, ya ga akwati, ya ga rajistar masu zuwa, ba abin da ya burge shi. Sai na aika aka ce wa Baba ya kawo littafin. Baturen ya goge hannunsa da hankici kafin ya taɓa, ya daɗe yana juya takardun a hankali. Sannan ya tambaya ta bakin tafinta ko za a ara masa ya kai birni a kwafe a dawo da shi.

“Ranka ya daɗe,” in ji Baba, “mai son kwafa ya zo nan da tawadarsa, zan ba shi tabarma da tuwo har ya gama. Amma littafin ba ya kwana a wani gari.”

Baturen ya yi murmushi ya ce ya fahimta, ya miƙa takardun da hannu biyu, ya shiga motarsa ya tafi. Ban sake ganinsa ba har yau. Ku riƙe wannan da kyau: mutumin nan hannu wofi ya tafi, a kan idon rabin gari.

Yabon da na sha a ranar ya hau mini kai. Na je na sami Baba na ce, tunda mutane na zuwa tambaya ko ba Juma'a ba, shi kuma kai da kawo na wahalar da shi, me zai hana littafin ya zauna a ɗakin karatu? Da farko na ɗauka zai ƙi. Sannan ya miƙe ya laluba ya kwance igiyar da kansa.

“Malam bai rubuta shi don zaurena ba, don mutane ya rubuta. Ka kai. Amma da sharaɗi ɗaya, Mai Sunan Malam. Ka rataye shi. Ga igiyar, ga sakainar.”

Na rataye shi, kwana biyu. A rana ta uku na tsaya a bakin ƙofa na dubi ɗakina, ga allo, ga takardar dokoki, ga kabad na ƙyalli, ga kuma tsohuwar jaka da fasasshiyar ƙwarya suna lilo a tsakiya kamar zauren mai magani. Na tuna wani baƙon na iya zuwa kowane lokaci. Sai na hau benci na kwance, na sa gafakar a can ƙasan kabad a kan tsofaffin jaridu, na rufe, na cusa igiya da sakaina a bayan allo. A raina har ina yi wa littafin murna, ya tashi daga ƙauyanci ya shiga wuri mai daraja. In Juma'a ta zo kafin mutane su taru nakan fito da shi, saboda haka ba wanda ya lura.

Ruwa ya sauka, kowa ya koma gona. Ajin manya ya tsaya, aka zo aka ɗauki akwatin ƙarfe aka mayar Kazaure don a musanya. A makon nan kuma takarda ta zo ana kirana kwas na wata biyu a Kazaure. Na share ɗakin, na rufe taga, na danna kwaɗo. Da safen da zan tashi na shiga zaure yi wa Baba sallama.

“Ka rataye shi?”

“Na rataye, Baba.”

“To, Allah ya kiyaye hanya.”

Da na ce masa bari in dawo da littafin zaure kafin in tafi, da shi ke nan, da ba ku da wannan babi. Tafiyar taku ɗari ce tsakanin zauren da ɗakin. Amma abokan tafiya na jirana, hadari na haɗowa, kuma ni a ganina littafin yana inda ya fi ko'ina tsaro a garin.

Na yi mako uku a Kazaure sai ga wani mutumin garinmu mai kai kaji kasuwa ya neme ni. Ya ce Baba ya ce in ba shi mabuɗin ɗakin karatu ya kai masa, kuma ya ce kada a yi jinkiri. Muna tsaye ne a gaban sauran 'yan kwas. Na jawo zaren wuyana na nuna masa mabuɗin, na karanta masa dokar nan da ka, a hankali, yadda abokaina za su ji cewa ni mai riƙon amana ne. Na ce ya gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, komai lafiya. Mutumin ya dube ni ya ce, “To, ni dai ɗan aike ne,” ya ɗauki kejinsa ya tafi. Ko tambayarsa ban yi ba me Baba yake so da mabuɗin.

Na dawo gida gero ya fitar da kai. Da hantsi na je na buɗe ɗakin ni kaɗai. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya fara tarbata. Kabad na nan yadda na bar shi, fentinsa na ƙyalli. Da na buɗe shi sai na ga babu katakon baya. Gara ta biyo ta cikin bangon da damina ta jiƙa, ta ci katakon, ta yi gininta har hawa na biyu na kabad ɗin. Jaridun sun zama laka. Gafakar tana zaune a kai kamar ba abin da ya same ta, har zuciyata ta ɗan dawo. Na sa hannu biyu na ɗaga, gindinta ya zube, jar ƙasa da fararen gara suka kwararo a kan ƙafafuna. Na durƙusa ina tonawa da yatsu. Abin da na samu 'yan guntaye ne, babbansu bai wuce farcen babban yatsa ba, wani da rabin kalma, wani da baƙi ɗaya da hannun kakana. A nan na gane abin da igiyar nan take yi shekara da shekaru. Gara ba ta tashi sama, sai ta sami ƙasa ko bango ta bi. Kowace tsohuwa a garin ta san wannan, shi ya sa take rataye ƙwaryarta. Ni ma na sani, na dai ɗauka ba ya aiki a kan kayan hukuma.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ya fi ɓarnar garar muni. Na kwashe ƙasar da ragowar fatar a buhu, na bi ta bayan kasuwa na hau dutse, na cusa buhun a wani kogo na toshe da duwatsu. Na dawo na share ɗakin tas, na jawo kabad daga bango na rufe bayansa da tabarma. Kwana uku ina cin tuwo a gaban Baba, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba.

Juma'a ta zo, mutane suka taru fiye da kullum, don an daɗe ba a yi ba. Baba na zaune a kan buzunsa. Na ɗauko jarida na fara karantawa. Tanimu ya katse ni.

“Malam ƙarami, ajiye jaridar nan. Ina littafin Malam?”

“Ba ya nan,” na ce.

Tanimu ya dube ni, ya dubi inda akwatin ƙarfe yake zama, sai ya tafa hannu.

“Na sani! Wallahi tun ranar da mutumin nan ya goge hannu na san da magana. A cikin akwati suka sa ka saka shi, ko? Shi ya sa suka kira ka Kazaure, suka matsa maka. Yaron nan, haka aka yi?”

Ban ce e ba. Na daɗe ina fakewa da wannan, ina gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya da bakina ba. Sunkuyar da kai kawai na yi. Amma a garinmu in babba ya tambayi yaro abu ya sunkuyar da kai, kowa ya san amsar, ni ma na san sun sani. Salati ya tashi, dattawa suka fara neman takalmansu. Baba ya laluba sandarsa, ya naɗe buzunsa, ya fita bai ce uffan ba.

Kafin kaka ta ƙare maganar ta zaga har rugage. Aka ce ɗakin karatu tarko ne, ana tara mutane ne don a ga abin da suke da shi a ɗauke. Masu kawo wasiƙa suka daina, wai kada a san sirrinsu a kai gaba. Da rani ya zo na buɗe ajin manya, mutum ɗaya ne ya zo, Tanimu, shi ma fensirinsa ya kawo mini. A lokacin ya fara haɗa baƙaƙe, har yana iya gane sunan ɗansa a bayan ambulan.

“Ba da kai nake ba, Malam ƙarami,” ya ce. “Kai yaro ne, an fi ƙarfinka. Amma ni da wannan ɗaki har abada.”

Ya dafa kafaɗata yana ba ni haƙuri, ni da ya kamata ya mara. Gwaggo Dije kuwa ta sa aka kwaɓa ƙasa aka toshe tagar nan. Daga ranar ba ta sake kirana Babana ba. In na gaishe ta sai ta ce, “Lafiya lau, malamin ɗakin karatu,” ta ci gaba da abin da take yi. Na ɗauka fushin rashin littafin mahaifinta ne ya shafe ni. Da shekara ta zagayo aka ga rajista ba kowa, aka daina aiko da akwati, ɗakin ya zama wurin ajiye irin auduga. Ni kuwa da na yi ɓarnar, aka ɗauke ni aikin ofis a Kazaure, har da ƙarin girma.

Bayan shekara uku na zo hutu da rani, na tarar idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Ya ce in samo takarda da tawada. Kullum da hantsi sai mu zauna a zaure, yana faɗin abin da ya tuna daga littafin ina rubutawa. Wani lokaci sai ya yi nisa tiryan-tiryan, sannan ya tsaya cak, ya ce, “A nan akwai sunan wata rijiya,” ya yi ta murza goshi, daga ƙarshe ya ce in bar fili. Filayen da na bari sun kusa yawan abin da na rubuta. Da muka gama, abin da muka samu bai kai kaurin ɗan yatsa ba, alhali littafin Malam sai an sa hannu biyu. Baba ya sa Tanimu ya ɗinka sabuwar gafaka. Ranar da zan koma ya miƙo mini ita da sabuwar igiya.

“Wannan ka rataye shi da gaske,” ya ce.

Nan na gane ya sani. Ya ci gaba da magana a hankali, fuskarsa na kallon ƙofa.

“Bayan tafiyarka Yaya Dije ta ga hanyar gara ta hau katangarta, daidai bayan kabad ɗinka. Ta leƙa ta tsagar taga, ta ga ba abin da ke rataye a azara. Ta zo ta gaya mini. Shi ne na aika maka. Da aka dawo mini da amsarka na je wurin dagaci na ce a fasa kwaɗon. Ya ce kwaɗon hukuma ne, in aka fasa shi sai an rubuta dalili an aika Kazaure, kuma kai za a kama da laifin ajiye abin da ba na hukuma ba a ciki, aikinka ya tafi, sunanka ya ɓaci. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar nan da gatari a ƙarƙashin riga, ina sa kunne a jikin katako. Na auna littafin ubana da ɗana. Na koma gida.”

Na faɗi a gabansa ina kuka ina neman gafara, ina babba da gemuna. Ya laluba ya dafa kaina.

“Ni na yafe tun a ranar. Ranar Juma'ar nan ma na yi shiru ne ina jira ka faɗa da bakinka, da ka ƙi faɗa kuma na kasa tona ka a gaban mutane. Wannan laifina ne, zan amsa shi. Amma Tanimu fa? Matan bayan katanga fa? An raba su da ɗakinsu a kan abin da ba a yi ba, an kuma ɗora wa baƙo satar da bai yi ba. Waɗannan ba ni zan yafe maka su ba. Ka je ka gaya musu.”

Na ce masa zan je, in na zo hutu na gaba. Kafin hutun ya zo Baba ya rasu. Na ce to bari a gama zaman makoki. Daga nan aure, daga nan canjin wurin aiki, daga nan aka fara kirana Alhaji ana ba ni wuri a sahun gaba, maganar ta ƙara nauyi a baki. Gwaggo Dije ta rasu ba ta tona ni ba, ba ta kuma sake kirana Babana ba. Tanimu ya rasu ana karanta masa wasiƙun ɗansa ta bakin wasu. An ce har ƙarshen ransa in an ambaci Turawa sai ya ba da labarin yadda suka zalunci Malam ƙarami.

Gafakar da kuke gani a rataye a ɗakina, wadda kuke cewa tana ɓata tsarin ɗaki, kuna so ku sa ta a kabad ɗin gilashi, ita ce wadda Tanimu ya ɗinka. Ku bar ta inda take. Wannan babi kuma ba don ku kaɗai na rubuta shi ba. Ko ina raye ko ba na raye, ku kai shi garinmu ranar Juma'a, ku nemi jikokin Tanimu baduku ku zaunar da su a gaba, ɗayanku ya tsaya inda ɗakin yake a da ya karanta shi daga farko har ƙarshe, kada ya tsallake ko layi ɗaya don ya rufa mini asiri. Kuma ya ɗaga murya, saboda na bayan katanga.